Kawuna a Gefen Hoto

Ranar da Kawu ya rasu, kafin rana ta yi tsaka gidan ya cika. Matan zumuntar cocinmu ne suka fara isowa da zannuwansu iri ɗaya, suka zauna a kan bencinan da aka aro daga coci suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Sai dattawan coci, sai mutanen ƙauyenmu da suka hawo babura tun daga gindin dutse. Abin da na lura da shi, duk wanda ya gama "sannu da haƙuri" sai ya zarce da labarin kansa. Wata ta ce shi ya ɗauki bikin aurenta, ya kuma ɗauki na 'yarta. Wani dattijo ya ce muryar babansa ba ta ko'ina a duniya yanzu sai a cikin kaset ɗin da Kawu ya yi masa. Wata tsohuwa daga ƙauye ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta maimaita cewa, "Ya ɗauke ni ina tuƙa tuwo. Ni fa! Ina tuƙa tuwo!"

Wanda ya fi ba ni tausayi maƙwabcinmu ne na kasuwa, Ibo mai sayar da kayan wuta, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinsa Kafanchan aka haife shi a nan. Ya shigo da ƙaton jikinsa, ya tsaya a tsakar gida yana kuka ba kunya.

"Mama, sori," ya ce wa matar Kawu. "Shekara talatin ni da wannan mutum muna faɗa a kan hayaƙin janareto. Kullum faɗa. Yanzu da wa zan yi?"

Mama ta yi murmushi karo na farko a ranar, ta ce a ba shi kujera.

Washegari, Litinin, aka yi taron iyali. Aka tsayar da ranar Asabar don biso, wato binne shi. Yaya, wato babban ɗan Kawu da ke aiki a Abuja, ya buɗe takardarsa ya ce mai buga takardu yana son hoto zuwa safiyar Alhamis, domin takardar tsarin sujada da kuma babban ƙyallen da za a ɗaura a jikin rumfa. A wajenmu ba a binne dattijo ba tare da fuskarsa tana kallon jama'a ba. Aka ce a kawo hoto.

Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan ba shi da hoto. Aka zazzage akwatuna, abin da aka samu biyu ne: ƙaramin hoton da ya yi yana saurayi da gashi tuli guda, da na katin shaidarsa, wanda ya murtuke fuska kamar an kama shi da akuyar wani. Yaya ya ce a yi amfani da na samartakan, ai ya yi kyau. Mama ta karɓa ta duba, ta mayar masa.

"Wannan yaro ya tafi tun da daɗewa," in ji ta. "Wanda ya mutu mini tsoho ne. Shi nake so."

Duka idanu suka juyo kaina, saboda ni ce nake aiki tare da shi a shago. Ni 'yar ƙanwarsa ce. A gidansa na yi makaranta, kuma da aikin koyarwa ya ƙare mini ina da 'ya'ya biyu, shi ya ce in zo in koyi haɗa bidiyo a kwamfuta tunda idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Na ce wa Mama zan nemo. Na faɗa ne kawai, don na san halin mutumina.

Kawu ba ya yarda a ɗauke shi. In ka ɗaga waya sai ya ɗaga tafin hannu, ko ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba. In an matsa masa ya ce, "Ni aikina in duba mutane. Ku je ku tsaya can, rana tana bayanku." Ko a auren 'ya'yansa na cikinsa haka ya yi. Ana kiran iyayen amarya su fito, shi yana kan benci da kyamara a kafaɗa yana yi wa fasto alama ya matsa hagu.

Yana da wata riga marar hannu mai aljihu kusan goma, wadda Mama ta yi barazanar ƙonawa sau ba adadi. Batir a wannan aljihun, tsumman goge gilashi a wancan, gyaɗa a na ƙasa. Yakan isa wurin biki kafin masu kafa rumfa, kuma kafin ya ɗauki ango ko amarya sai ya zagaya bayan gida wurin masu girki, ya ɗauke su da guminsu da hayaƙinsu. Sau da yawa masu biki sun yi ƙorafi cewa ba su kira shi don ya nuna tukwane ba. Sai ya ce su jira shekara goma su dawo su gaya masa wane wuri suka fi kallo.

Akwai wata mata da mijinta ya rasu a hanyar Kaduna, ba ta da injin kallo a gida. Duk ƙarshen wata takan zo shago ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta cewa komai. Kawu zai tashi ya ba ta kujerarsa, ya sa mata bidiyon bikin godiyar kaka inda mijin yake rawa da damin dawa a ka, ya juya mata allon. Daga nan sai ya tuna babur ɗinsa yana da matsala, ya ja ni waje in riƙe masa sufana. Babur ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Haka za mu tsuguna a rana muna kwance ƙusa muna ɗaurawa har matar ta fito ta ce ta gode.

Amma kada in mayar da shi mala'ika. Kawu yana da taurin kai, kuma in ya fara bayani ba ya sanin inda ake tsayawa. Da Yaya ya kawo masa sabuwar kyamara, irin wadda hotonta ya ninka na tsohuwarmu girma har sau huɗu, kwana uku ya yi da tabarau da fensir yana karanta littafinta kamar mai shirin wa'azi. Rana ta huɗu ya zaunar da ni.

Ga abin da ya koya mini. Kafin ka fara yanka da jera bidiyo a kwamfuta, akwai fili da kake buɗewa wanda za ka ɗora hotunan a kai. Masu aikin suna ce masa sikwens, Kawu kuwa shimfiɗa yake cewa. Shimfiɗar nan tana da girmanta, tana kuma da yawan hotunan da take gudu da su a daƙiƙa ɗaya. Ya ce dole in fara duba abin da kyamara ta kawo, faɗinsa da tsayinsa da gudunsa, sannan in buɗe shimfiɗa daidai da shi. In kyamara ta ɗauka da hoto ashirin da biyar a daƙiƙa, na ɗora a kan shimfiɗa mai talatin, ƙafafun masu rawa za su riƙa tsalle kamar suna taka ƙaya. In kuma shimfiɗar ta gaza hoton girma, to kamar an ba dogon baƙo tabarmar yaro ce, wani abu nasa zai kwana a ƙasa.

"In kina son ƙarami don waya," ya ce, "ki gama aikin a babba, sannan ki rage. Ba a farawa daga ƙarami."

Ya rubuta lambobin a bayan kwalin sabulu ya manna a saman kwamfuta. Na ce to. A raina kuwa cewa nake, tsoho da son wahala.

Domin gaskiya kwamfutarmu ta tsufa. In na buɗe babbar shimfiɗa sai ta riƙa nishi tana tsayawa, ga wuta da ake ɗaukewa yadda aka ga dama, ga mutane suna tsaye a kanka suna so a tura musu a waya kafin su hau mota. Tsohuwar shimfiɗarmu kuwa tana nan a buɗe, gudu take kamar ruwa. Wani mako aiki biyu suka haɗu mini: bikin cika shekara na zumuntar mata a cocinmu, da bison wani dattijo a wani ƙauye bayan dutse. Na jawo hotunan na ɗora a kan tsohuwar shimfiɗa. Kwamfuta ma sai da ta tambaye ni, in canza shimfiɗar ta dace da hoton ko in bar ta yadda take. Na danna a bar ta. Na duba allo, ga fasto a tsakiya, ga akwatin gawa, komai tas, har ya fi kusa. Ban san tsakiyar hoton kaɗai nake gani ba, gefe da gefe duk sun zube a waje.

Na gama na zumunta na raba wa mata a wayoyinsu, suna ta yaba mini. Na bison ne Kawu ya ce zai kalla kafin a bayar. Ya zauna ya kalla minti goma. Sannan ya cire tabarau.

"Ina ƙanwar mamacin?"

Na ce wace ƙanwa.

"Tsohuwar da ta zauna a hagu, ƙarƙashin mangwaro. Daga Jere ta zo, a bayan motar doya. Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu. Na saita kyamara don ta shiga. Ina take?"

Na duba, babu ita, sai gefen zaninta yana leƙowa. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni ma jinin gidan ce. Na ce wa zai lura da wata tsohuwa a gefe, mutane a waya suke kallo, allon bai kai tafin hannu ba.

"Ita za ta lura," ya ce.

Na ce shi ba ya zama a gaban kwamfutar nan tana nishi, ni ce nake zama. Ya ce in aikin ya fi ƙarfina in faɗa. Na ce zamani ya wuce shi, yana ɗaukar aiki kamar har yanzu ana zamanin kaset. Wannan maganar ita ce har yau take ci mini rai. Ya mayar da tabarau, ya ja kujera, ya buɗe sabuwar shimfiɗa da yatsa ɗaya yana duba kwalin sabulu. Na ɗauki jakata na fita. Maƙwabcinmu Ibo, wanda ya ji komai ta bango, ya bi ni da, "Sista, no vex, tsoho ne," ban ko waiwaya ba.

Mako biyu ban taka shago ba. Rana ɗaya da yamma sai ga babur ɗinsa a ƙofar gidana, da ledar lemu a rataye. Ya wasa yara, ya sha ruwa, ya yi maganar farashin citta da yadda damina ta makara. Bai ambaci faɗa ba. Da zai tafi, yana kan babur, ya ce, "Madam edita, kujerarki ta yi ƙura." Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai wani aikin da kika yi a kan tsohuwar shimfiɗa?"

Na ce babu.

Ƙarya na yi. Na zumunta ya riga ya shiga wayoyin mata sama da hamsin, kuma Mama ce ta ja waƙa a ranar. Kunyar in bi su ɗaya-ɗaya in ce aikina gurgu ne ita ta rufe mini baki. Ya dube ni, ya ce to, ya tayar da babur. Daga ranar ban sake ɗora hoto a kan shimfiɗar da ba tasa ba, amma ban taɓa gyara maganar ba. Bayan wata bakwai ciwo ya kwantar da shi, kwana tara a asibiti, ya yi barci cikin Ubangiji.

To, ranar Talata na buɗe shago ni kaɗai na fara nema. Na bi ma'ajiyar kwamfuta fayil bayan fayil. Kawu yana ko'ina kuma ba ya ko'ina. Ga muryarsa yana cewa a matsa baya. Ga inuwarsa a ƙasa da kyamara a kafaɗa. Ga yatsansa yana goge gilashi. A wani wuri na gan shi a jikin gilashin motar amarya, amma kyamara ta rufe fuskar. Na wuni ina kuka ina dariya, na tashi hannu wofi. Yaya ya kira ni sau uku. A na ukun ya ce in zuwa gobe da yamma ba a samu ba zai kai na samartakan, Mama ta yi haƙuri.

Ranar Laraba bayan azahar, ina neman tsofaffin kaset a aljihun teburinsa, hannuna ya faɗa kan wata ambulan. Katin kyamara ne a ciki. Mukan goge katuna mu sake amfani da su bayan an ba da aiki, amma wannan an ware shi. A bayan ambulan, da rubutunsa mai karkata, an rubuta: "Zumunta. Kada a goge."

Sai a lokacin na tuna cewa a ranar bikin zumunta ni ce a bayan kyamara. Kawu ya kafa ta a kan ƙafafunta, ya ce gwiwarsa tana damunsa, in riƙe. Da matan suka taso da rawa na buɗe gilashin ya ɗauko fili sosai don kada su fita. Inda shi ya tafi ya tsaya, ban kula ba.

Na sa katin. Na duba girman hoton da gudunsa, na buɗe shimfiɗa daidai da su, na ɗora. Kwamfuta ta yi nishinta, sannan hoton ya buɗe. Ga matan da na yanke: mai kaɗa tulu a hagu, da tsofaffi biyu masu caki. A can dama kuma, jikin ginshiƙin ƙofar coci, ga Kawu.

Yana tsaye da rigarsa mai aljihuna, jakar Mama a rataye a hannunsa, lemarta a ƙarƙashin hammata. A zatonsa ya fita daga hoto. Bakinsa yana bin waƙar, shi da a sujada ba a taɓa jin muryarsa ba. Ƙafar da aka ce tana ciwo tana buga ƙasa. Kuma idonsa bai bar wuri ɗaya ba daga farkon waƙar har ƙarshenta. Saboda girman hoton, da na jawo fuskarsa kusa ba ta dushe ba. Ana iya ƙirga furfurar gemunsa.

Na hau babur na ɗauko Mama, ko da yake mai takaba ba ta cika fita ba kafin biso. Yaya ya biyo mu. Kafin in kunna, na durƙusa a gabanta na gaya mata duka, da yankan da na yi da ƙaryar da na yi masa.

"Tashi," ta ce. "Ya sani."

Na ɗago kai.

"Tun ranar da na nuna masa a wayata ya ce, yarinyar nan ta yanke gefe a namu ma. Ya je shago ya duba na ainihin. Da ya dawo na ce to a sa ki gyara mana. Ya ce a'a, a bar ki, kin sha faɗa ya isa. Har ya ce wannan yankan bai yi laifi ba." Ta girgiza kai. "Na yi mamaki. Mutumin da ba ya yafe ko ƙurar gilashi."

Na zaunar da ita a kujerarsa, na juya mata allon, na kunna. Ta ga kanta a tsakiya tana jan waƙa, ta yi ɗan tsaki ta ce ɗankwalinta ya karkace. Sai idonta ya kai dama. Ta matso da fuskarta har numfashinta yana taɓa allon. Waƙar ta ƙare ta ce in mayar. Na mayar sau huɗu.

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare," ta ce, ba da mu take ba. "Ina ce masa, kai kullum matan mutane kake kallo ta gilashi, ni ko na sa sabon zani ba ka gani. Sai ya ce yana gani. In ce ƙarya kake." Ta share ido da bakin zani. "Ji munafuki. Ashe shi ya sa ya ɓoye."

Na tsayar da hoton a daidai inda ya ɗan buɗe baki da murmushi, ta ce nan. Yaya ya leƙo ya ce hoton ya fita sosai, amma akwai matsala: Baba gefe yake kallo. Hoton biso gaba yake duba, wurin jama'a. Ko za a nemi inda ya juyo?

"Bai juyo ba," in ji Mama. "Ka kai wannan."

Haka aka buga shi, tsoho da furfura, yana kallon hagu, da igiyar jakar mace a hannunsa don na ƙi yanke ta.

Kawu, ban roƙe ka gafara kana da rai ba, kuma wannan zai zauna mini. Na rubuta wannan ne don jikokinka su san wane ne ya tsaya a bayan duk hotunan da ke gidajen garin nan. Ubangijin da ka bauta wa ya ba ka hutu, ya riƙe mana Mama.

Ranar Asabar jama'a suka cika filin gidanmu na ƙauye har kan duwatsu. An ɗaura ƙyallen a jikin rumfar iyali, an ajiye wa Mama kujera mai laushi a tsakiya, gaban akwati, inda matar mamaci take zama. Da aka fito da ita ta tsaya ta dubi kujerar, ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen. Sannan ta nuna wani wuri can hagu, inda idon hoton yake kallo, wajen rumfa, inda babu inuwa.

"Ku kai mini kujera can."

Shugabar zumunta ta raɗa mata cewa rana za ta dake ta, kuma mutane za su yi magana. Maƙwabcinmu Ibo ne ya taso ya ɗauki kujerar ya kai. Ta zauna, ta ɗaga kai, ta ce ya ɗan matsar da ita gaba kaɗan. Ya matsar. Ta sake dubawa, ta gyara ɗankwalinta, ta ce wa fasto ya fara.